Karkataccen Maɗauri

Shekara talatin da ɗaya Mai Keke tana sa takalmin da mijinta ya ɗinka mata, shekara talatin da ɗayan nan kuma tana yi masa tsiya a kansa. Ba wai Baduku bai iya aikinsa ba. Duk layinsu an shaide shi, fatar da ta bi ta hannunsa laushi take yi kamar an lallashe ta. Abin da ke ƙona mata rai maɗaurin ƙafar dama ne. Na hagu yakan ratsa saman ƙafa sak, ba gargada. Na dama kuwa sai ya taho daidai, in ya kusa idon sawu na waje ya yi wata 'yar gwiwa ya kauce, sannan ya sauka. Kowane takalmi haka, tun na farko. Ita kuwa tela ce, macen da ke warware riga sukutum saboda kalmasa ta goce da faɗin tsinke, don haka kullum ta sunkuyar da kai sai idonta ya faɗa kan wannan gwiwar.

In ta yi magana, sai ya ce haka ƙafar take so. Ta ce yaushe ƙafa ta yi baki har ta faɗa masa abin da take so. Daga nan ba ya ƙarawa. Baduku mutum ne da in ka ba shi magana goma zai mayar maka da ɗaya, ita ma da kyar, ya koma kan basillarsa.

Ana nan sai babban ɗansu, wanda ke aikin ofis, ya kawo mata takalmin kanti, baƙi mai sheƙi, rufaffe, ƙafa biyun iri ɗaya sak ba ka bambance su. Ya ce ta sa ranar da 'yarsa za ta karɓi takardar gama makarantar renon yara. Baduku ya ɗauki na dama ya zura hannu ciki, ya ce ɗinkin ciki yana da kaifi, bakin kuma ya matse, mai ciwon suga ba ta sa irin wannan. Shekararta goma da ciwon, ta san da haka sarai. Amma sai ta ce hassada ce kawai, ya ga layin da ya miƙe ya tsone masa ido. Ta sa shi tun safe har la'asar, tana taku ɗai-ɗai a gabansa don ya gani. Ba ta ji zafin komai ba, don suga ya riga ya cinye mata jin yatsun. Sai da ta cire ta ga ƙananan yatsu biyu na dama sun saluɓe.

To, a nan ne ta yi wautar da har gobe ba ta son a tuna mata. Maimakon ta nuna masa, sai ta sa safa ta rufe, don nunawa na nufin ya yi gaskiya. Kwana tara tana ɓoyo, tana shafa man da ta ga dama, tana taka keken ɗinkinta kamar ba komai. A rana ta goma wari ya tona ta, zazzaɓi ya kayar da ita. Da aka zare safar, yatsun biyu sun yi baƙi ƙirin, ƙafar ta kumbura har idon sawu ya nutse.

Aka ba ta gado na huɗu daga ƙofa a ɗakin mata, kusa da taga mai labule kore. Ƙaramin likita ne ya duba ta, saurayi mai ladabi, biro uku a aljihu, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya ce ta ɗaga babban yatsa. Ta ɗaga, jijiyar da ke jansa ta miƙe a ƙarƙashin fata. Ya ɗora yatsu biyu a gefenta, ta ɓangaren yatsa na biyu, ya yi shiru yana jira. Ya matsa sama kaɗan, ya dawo ƙasa. Sannan ya ɗauko wata 'yar na'ura mai kan biro, ya shafa mata wani mai mai sanyi, ya ɗora a wurin. Na'urar ba ta ce komai ba sai huci. Ya gwada bayan idon sawu na ciki, can ma kumburi ya hana a ji wani abin kirki.

Ya yi musu bayani a tsanake, ita da ɗanta da Baduku da ke raɓe a jikin bango. Ya ce akwai jijiyar jini da ke saukowa ta gaban ƙwauri, ta wuce tsakanin idon sawu biyu, ta bi saman ƙafa a gefen jijiyar babban yatsa, har ta nutse tsakanin yatsa na farko da na biyu. A nan ake jin bugun jinin ƙafa. A ƙafarta babu shi. In aka cire yatsun kawai, ciwon ba zai warke ba, don ba jinin da zai warkar da shi, ruɓar za ta yi ta hawa. Babban hoton da zai nuna hanyoyin jini akwai layin makonni a gabansa, ciwon kuma ba zai jira ba. Shawararsa a yanke daga ƙasan gwiwa. Babbar likita za ta zagayo gobe da ƙarfe goma, yana so kafin nan an sa hannu a takarda.

Mai Keke ta ji duk abin da ya faɗa, amma hankalinta na kan yatsunsa. Tun yana lalube take kallonsu, wani abu yana yi mata susa a rai. Shekara talatin da ɗaya wani mutum yana durƙusawa a gabanta da zaren gwaji, yana ɗora yatsu biyu a kan wannan ƙafar ya yi shiru kamar yadda yaron nan ya yi. Kuma ba a nan yake ɗorawa ba.

Da likita ya fita, ɗan ya zauna a bakin gado ya fara roƙo. Ya ce rai ya fi ƙafa, ya ce yanzu ana yin ƙafar roba da ba a ganewa, ya ce zai saya mata keke mai aiki da lantarki, ba sai ta taka ba. Wannan ta ƙarshen ce ta ɓata komai. Kekenta baƙi ne, tsoho, tun tana budurwa take tare da shi. Ƙarfen takawarsa ya goge ya yi fari a daidai inda ƙafarta ta dama ke zama. Da dunduniya da yatsu take yi masa magana, ta sassauta a kwana, ta saki gudu a miƙaƙƙen layi, ta tsayar da allura a tsakiyar ɗinki ba tare da ta sa hannu ba. A ce wai ta koma danna maɓalli. Ta dube shi ta ce, “Kai ka kawo takalmin, ni na sa shi, laifin nawa ne, ban ɗora maka ba. Amma ƙafar nan ba za ta bar asibitin nan a cikin bokiti ba sai na tabbata ta mutu.”

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma gaskiyar magana tsoro take ji, tsoro mai tsanani. Tana jin warin ƙafarta da hancinta. Ta san yaron likitan ba mugu ba ne, ta kuma san taurin kanta ne ya kawo ta gadon nan, ba mamaki shi ne zai ƙarasa ta.

Da la'asar, ɗan ya tafi neman magani, ta yafito Baduku. Ta tambaye shi a ina yake taɓawa in zai gwada ta. Ya kalli ƙofa kafin ya amsa, don shi farar rigar likita ko a hanya ya gani sai ya kauce. Ya ce mutanen nan shekara da shekaru suka yi suna karatu, ga na'ura ma ta yi shiru, shi wane ne da zai sa baki. Ya ce, “Ni fata na sani, ita ma wadda ta riga ta mutu.”

Ranta ya ɓaci har ta juya masa baya. Ta san shi, in ta ce ya je ya yi wa likita gardama, sai dai ya tsaya yana murza hula har a gama yanke ƙafar. Bakinsa ba zai taɓa yi mata wannan aikin ba. Amma ta san hannunsa, shi ba ya jin kunyar kowa in an ba shi ƙafa.

Washegari da ƙarfe tara da rabi ƙaramin likita ya dawo da takardar a jikin allo, ya miƙa mata biro. Ta karɓa, ta duba shi, ta soke shi a cikin ɗankwalinta. Sannan ta yaye zanen gado daga kan ƙafar, ta dubi mijinta, ta ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji.

“Malam, zo ka gwada ni. Sabon takalmi nake so.”

Matar gado na uku ta bar shayinta a baki. Ɗan ya sunkuyo yana raɗa wa likita cewa zazzaɓi ne ya taɓa mata kai. Likita ya ce, “Mama, ki yi haƙuri, lokaci muke bi.”

“Ɗana, ƙafar tawa ce har yanzu ko ta zama taku?”

Likita ya ce tata ce.

“To mai ita tana son takalmi. Malam, kai nake jira.”

Baduku ya yi tsuru-tsuru. Ya dubi likita, ya dubi ɗansa, ya dubi matarsa, ya ga irin kallon da take yi masa, wanda ya sani tun kafin a haifi duk yaran da ke ɗakin. Ya zura hannu a aljihu. Zaren gwajinsa na nan, ba ya rabuwa da shi ko wanka zai shiga. Ya wanke hannu a famfon kusurwa, ya zo ya durƙusa a ƙarshen gado.

Yana taɓa ƙafar ya manta da kowa. Haka yake a shago, yana aiki yana ƙunƙuni shi kaɗai, yana maimaita abin da maigidansa ya koya masa tun yana koyon sana'a, wai ba a ɗora maɗauri sai an gaisa da abin da ke ƙarƙashinsa. Ya ce ta ɗaga babban yatsa, ya bi jijiyar mai tauri da ɗan yatsansa, ya ce wannan ita ke jan yatsa sama, in maɗauri ya hau ta sai ta yi kanta. Ya nuna ƙananan 'yan'uwanta huɗu da ke bazuwa zuwa sauran yatsu. Ya ce a gefen babbar akwai wani siririn zare na ji, ba a ganinsa, amma in an matse shi sai tsakanin babban yatsa da na biyu ya mutu mus, mai takalmi ya dawo yana zagi. Ya danna wata 'yar tsoka mai laushi a gaban idon sawu na waje, ya ce wannan nama ne, mutane na ɗauka kumburi ne su yi ta shafa magani. Ƙaramin likita ya daina kallon agogo.

Sai Baduku ya ce yawancin mutane a nan tsakiya jininsu ke bugawa, ya taɓa daidai inda likita ya taɓa jiya, amma bai ko tsaya ba. Yatsunsa biyu suka zame zuwa waje, suka hau saman 'yar tsokar nan, suka tsaya a wani ɗan kwari a gaban idon sawu. Ya danna kumburin a hankali har ya lotsa. Ya rufe ido.

Mai Keke tana kallon furfurar da ke tsakiyar kansa. A ranta ta ce in ya ɗago ya girgiza kai, za ta zaro biron ta sa hannu, ba za ta ƙara cewa uffan ba. Sai ta ga leɓensa ya fara motsi, yana ƙirga.

“Yana nan,” in ji shi. “Ya rage ƙarfi, amma yana nan.”

Likita ya ce, cikin ladabi, wani lokaci mutum bugun yatsansa yake ji ya ɗauka na mara lafiya ne. Baduku bai ɗago ba. Ya ce ya san da wannan, amma nasa a hankali yake tafiya. Wannan kuwa sauri yake yi, nata ne.

A haka babbar likita ta same su. Gajeriyar mace ce mai tabarau a rataye da igiya, ɗalibai biyu na bin ta. Ta tambaya wane ne wannan a durƙushe a gaban mara lafiyarta. Kafin kowa ya buɗe baki Mai Keke ta ce mijinta ne, baduku ne, kuma ya ce an nemi jininta a inda ba ya bi. Ta faɗa tana kallon likitar ido cikin ido, ta shirya a yi ta ta ƙare. Babbar likita ta matso bakin gadon. Ta sa tabarau, ta karɓi na'urar, ta ce, “Baba, kada ka ɗaga. Nuna mini.”

Ya janye yatsa ɗaya, ta ɗora kan na'urar a gurbinsa, ta karkata shi kaɗan. Da farko huci ne irin na jiya. Sai wani sauti ya taso daga ƙarƙashinsa, shuu, shuu, shuu, kamar ana taka keke a bayan bango. Mai Keke ta ji idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye shi, don ba ta yi niyyar yin kuka a gaban ɗalibai ba.

Babbar likita ta kira ƙaramin ya saurara da kansa, ta yi masa bayani ba tare da ta kunyata shi ba. Ta ce inda ya nema nan littafi ya zana, kuma nan ne a yawancin mutane. Amma akwai waɗanda aka haifa jijiyar tsakiyar ba ta da ƙarfi ko ma babu ita, sai wata ta ɓullo daga ɓangaren waje ta ɗauki aikin. In ya nema a tsakiya bai ji ba, ya riƙa leƙa gaban idon sawu kafin ya ambaci gwiwa. Ta zaro biro daga aljihunsa ta yi alama a wurin. Yaron ya ce ya gode, kuma da gaske yake, har fuskarsa ta nuna.

Sannan ta juyo ga Mai Keke ta ce kada ta yi saurin murna. Jinin yana zuwa amma kaɗan ne. Yatsun biyu sun tafi, yau za a cire su a wanke wurin. Za a sa ido kwana biyar. In naman ya yi ja, an tsira. In ya ci gaba da duhu, za a koma maganar jiya, kuma a ranar ba ta son gardama. Mai Keke ta ce ta yarda, amma a kawo sabuwar takarda mai maganar yatsu kawai, waccan a yaga ta a gabanta. Aka kawo. Ta zaro biron daga ɗankwali, ta bi layi-layi tana karantawa kamar mai duba ɗinkin almajirarta, sannan ta sa hannu.

Babbar likita ta kai ƙofa ta dawo, ta tambayi Baduku yadda aka yi ya san wurin. Ya sunkuya ƙarƙashin gado ya jawo jakar kayanta, ya fito da tsohon takalminta na dama. Ƙafar ta kumbura ba za ta shiga ba, don haka sai ya riƙe shi a samanta yadda maɗaurin zai zauna. Maɗaurin ya taho daidai, ya zo kan alamar biron, ya yi 'yar gwiwarsa ya zagaye ta, ya sauka. Ko faɗin tsinke bai taɓa ta ba.

Mai Keke ta daɗe tana kallo. Da suka rage su biyu ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, me ya hana shi faɗa mata duk shekarun nan.

“Na faɗa miki, shekarar da muka yi aure. Kika ce uzurin wanda ya ɓata fata ne.”

Ta tuna. Har inda suke tsaye ranar ta tuna, da yadda ta yi dariya ta jefa masa takalmin a cinya. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, ga kuma tausayinsa. Ba ta iya ba da haƙuri ba, bakinta bai saba ba. Sai ta ce ya tashi daga ƙasa haka nan, tayil ɗin da sanyi, kuma ya san gwiwarsa.

A rana ta uku naman ya fara ja. A ta biyar babbar likita ta buɗe bandeji ta duba, ta rufe, ta ce a ci gaba da wanki, ba ta ƙara ambaton gwiwa ba. Warkewar ta ɗauki wata biyu da 'yan kwanaki, da allurai, da hana ta duk abin da take so, da masifar da ma'aikatan jinya suka sha har suka saba. Ɗan ya ɗauke takalmin kantin daga gidan, ba wanda ya tambaye shi inda ya kai shi.

Ranar da aka ce ta iya takawa, Baduku ya shigo ɗakin ɗinki da hantsi da sabon takalmi a hannu. Fata ce mai laushi, ya yi mata shimfiɗa biyu a ciki, ɗinkin duk ya mayar da shi waje. Na dama ya rage masa faɗi a gefe ya cike gurbin yatsu biyun da auduga. Ya durƙusa, ya ɗora yatsu biyu a gaban idon sawunta, ya yi shirunsa, sannan ya sa mata ya ɗaure. Tana zaune a gaban kekenta, ta miƙe ƙafar ta juya ta dama da hagu tana dubawa da idon tela.

“Malam, maɗaurin nan a karkace yake.”

“A karkace yake.”

“To kada ka kuskura ka gyara shi.”

Ta ɗora ƙafar a kan farin wurin da ta goge a jikin ƙarfen, ta juya wilin da hannu, ta danna da yatsu ukun da suka rage. Keken ya yi gardama sau ɗaya, sannan ya ɗauka.